Jirgin ƙasa a Najeriya da aikin hukumar Reluwe

A ƙasarmu, wanda ya tashi tafiya sai ya nufi tashar mota. Hatsi da albasa da siminti duk a bayan kamiyo su ke tafiya. Shi ya sa yara da yawa a Maraɗi da Damagaram da Tawa ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a hoto. Amma bai yi mana nisa ba. Maƙwabciyarmu Najeriya ta fi shekara 100 da shi, kuma kakanninmu sun ci moriyarsa, don gujiyar da suka noma a cikinsa ta isa bakin teku. A wannan karatu za mu ga yadda jirgin ƙasa ya ke, da hukumar da ke tafiyar da shi a Najeriya, da ayyuka uku da ya ke yi wa jama'a.

1. Mene ne jirgin ƙasa?

Jirgin ƙasa jerin taragai ne da aka ɗaura wa juna, kamar ayarin raƙuma. A gaba akwai kan jirgi, wanda ke da inji. Shi ne madugu. Shi ke ja, sauran suna biye.

Jirgi ba ya bin titi. Yana da hanyarsa ta kansa, wadda a ke kira layin dogo. Ƙarafa ne biyu dogaye da aka shimfiɗa gefe da gefe, tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa. An ɗaure su a kan gungumen katako ko na ƙarfe ko na siminti, su kuma gungumen suna kwance bisa tsakuwa. Tsakuwar nan ita ke rarraba nauyi, ta kuma bar ruwan sama ya tsiyaye.

Ƙafafun jirgi na ƙarfe ne, ba su da roba. Kowace ƙafa tana da leɓe ta gefen ciki, wanda ke hana ta zamewa daga kan dogo. Saboda haka direban jirgi ba shi da sitiyari. Hanya ce ke juya shi.

To, ina sirrin ƙarfinsa? Ku tura amalanke cikin rairayi, sa'an nan ku tura ta a kan daɓen siminti. Za ku ga a kan daɓe ta fi sauƙin tafiya. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ta fi haka sulɓi nesa ba kusa ba. Shi ya sa inji guda ke jan kayan da kamiyo masu yawa za su ɗauka, kuma man da ya ke sha bai kai nasu ba. Sai dai sulɓin nan yana da tasa illa: jirgi ba ya iya hawan tudu mai tsauri, kuma ba ya iya tsayawa nan take. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

2. Yadda hanyar ta iso Kano

Turawan Ingila ne suka shimfiɗa layin dogo a Najeriya lokacin da su ke mulkinta. Abin da su ke so shi ne su kai amfanin gona da ma'adinai bakin teku, a sa su a jirgin ruwa zuwa ƙasarsu. Shi ya sa manyan layukan duka daga teku suka taso suka yi arewa.

Layin farko ya tashi daga Ikko, wato Legas, ya isa Ibadan a 1901. A 1907 aka fara wani daga Baro, wani gari a bakin kogin Kwara, wanda mu mu ke kira kogin Isa. Wannan ne ya isa Kano a 1911. Layin Ikko ya zo ya haɗu da shi a Minna, kuma a 1912 aka haɗe su biyu ƙarƙashin shugabanci ɗaya. Kafin a gama gadar Jabba, jirgin ruwa ne ke ƙetarar da taragai daga wannan gaɓa zuwa waccan.

A gabas kuma an samu gawayin ƙasa kusa da Inugu, irin wanda a ke haƙowa a Anu Araren cikin jihar Agadas. Sai aka ja layi daga Fatakwal zuwa Inugu a 1916, daga baya aka ci gaba da shi har Kafancan da Jos da Kaduna. Da wannan gawayi kan jirgi na zamanin ke aiki: a hura wuta, ruwa ya tafasa, tururi ya tura ƙafafu. Sai a shekarun 1950 aka fara kawo masu aiki da gazuwal.

Rassa biyu sun matso kusa da iyakarmu. Ɗaya ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Ɗayan ya tashi daga Kano ya tsaya Nguru a 1930. Reshen ƙarshe shi ne na Barno, wanda ya isa Maiduguri a 1964. In an haɗa tsohon layin duka, tsawonsa ya kai kilomita 3500.

3. Hukumar Reluwe

Jirgin ƙasa ba kamar mota ba ne da mutum guda zai saya ya hau titi. Hanya da tashoshi da taragai da ma'aikata, dole su bi tsari ɗaya. Don haka ƙasashe da yawa su kan kafa hukuma guda ta riƙe su. A Najeriya an kafa ta da doka a 1955, shekara 5 kafin samun mulkin kai. Sunanta Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, a taƙaice a kan rubuta NRC. Mutane kuwa Reluwe kawai su ke cewa. Mallakar gwamnatin tarayya ce, kuma tsohuwar cibiyarta tana unguwar Ebute Meta a Ikko.

Ma'aikatanta iri-iri ne. Akwai direba da mai kula da taragai. Akwai shugaban tasha da mai sayar da tikiti. Akwai makanikai a manyan wuraren gyara. Akwai leburori da ke bin hanya a ƙasa suna duba ƙusoshi, suna gyara tsakuwa. Akwai kuma masu ba da hannu. Aikin waɗannan yana da nauyi ƙwarai, domin tsohon layin hanya ɗaya ce tak: mai zuwa da mai dawowa duk a kanta su ke bi. Ba su iya gittawa sai a tasha, inda aka yi ɗan layi a gefe. Jirgi ɗaya ya raɓe ya jira, ɗayan ya wuce. Ba a barin jirgi biyu su shiga tsakanin tasha da tasha lokaci guda.

A da, aikin Reluwe babban aiki ne, ma'aikatanta kuma suna da haɗin kai. A 1945 su ne suka ja gaba a babban yajin aikin Najeriya don neman ƙarin albashi, ƙarƙashin shugabansu Michael Imoudu. Yajin ya wuce kwana 40.

4. Aiki na farko: ɗaukar kaya

Don kaya aka gina hanyar tun farko. Daga arewa jirgi kan sauko da gujiya, wadda Kanawa ke kira gyaɗa, da auduga, da fata da ƙirgi, da shanu, da kuza daga Jos. In zai komo sai ya ɗauko goro da gishiri da kananzir da siminti da yadi.

Turawa sun sa rai auduga ce za ta cika taragai a Kano. Manoma kuwa suka duba suka ga gujiya ta fi riba, suka dukufa a kanta. Buhuna suka yi ta taruwa kusa da tasha, har a ke jera su kamar tsauni suna jiran jirgi. Wannan shi ne dalar gyaɗa da ku ke jin labari. Attajirai kamar Alhasan Ɗantata sun yi suna a wannan ciniki.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. Tun shekarun 1930 manoman Magarya da Matamai da ƙasar Maraɗi ke noma gujiya don sayarwa. A wancan zamani motoci su kan kwashe ta zuwa Kano, jirgi ya kai ta Ikko. A da, shanun gabashin ƙasarmu ma a kan kora su zuwa Nguru a loda su. Saniyar da ta yi tafiyar wata da watanni a ƙasa ta kan isa kudu a rame. Wadda aka sa a tarago kuwa cikin ƴan kwanaki ta ke isa da naman jikinta.

Taragan kaya ba iri ɗaya ba ne. Akwai rufaffe na buhuna, don kada ruwa ya taɓa su. Akwai buɗaɗɗe na gawayi da tsakuwa. Akwai mai tanki na mai. Akwai mai shinge na dabbobi. Akwai kuma shimfiɗaɗɗe, wanda a ke ɗora wa kwantena, wato babban akwatin ƙarfe da jirgin ruwa ke kawowa.

5. Aiki na biyu: masu doguwar tafiya

Daga Kano zuwa Ikko a tsohon layi kilomita 1126 ne. Fatake da jakunansu su kan yi makonni a wannan hanya. Jirgi ya mai da ita tafiyar kwana ɗaya da wuni, ko kwana biyu.

Taragan fasinja aji-aji ne. Mai kuɗi ya sayi tikitin ɗakin da ke da gado. Mai ƙaramin ƙarfi ya zauna a benci tare da jama'a, da ƙullin kayansa a gefe. A kowace babbar tasha masu talla su kan yi dafifi a bakin taga, wannan da ƙosai, wannan da rake, wannan da ruwa. Garuruwa irin su Kafancan da Minna da Nguru albarkar tasha ce ta raya su. Mutanen kudu suka zo arewa aiki, mutanen arewa suka sauka kudu fatauci. A 1964 Reluwe ta ɗauki fasinja fiye da miliyon 11, da kaya kusan ton miliyon 3.

6. Aiki na uku: jirgin ƴan zuwa aiki

Akwai wata tafiya gajera da mutum ke yi kullum, safe da maraice, tsakanin gida da wurin aiki. A ƙauye da ƙafa a ke yin ta. A birni kamar Ikko, inda mutane miliyoyi ke zaune, motoci kan cushe a titi har mutum ya yi awa biyu ko uku bai isa ba. Nan ne jirgin ƴan zuwa aiki ke da amfani. Ba ya nisa, yana tsayawa a kowace unguwa, kuma kuɗinsa kaɗan ne.

Shekaru da yawa Reluwe ta yi wannan jigila tsakanin tashar Ido a Ikko da garin Ijoko na jihar Ogun. Jirgin kan tsaya a Yaba da Mushin da Oshodi da Ikeja da Agege, inda Hausawa ke da tsohon zango. Da yake jiragen sun yi kaɗan, mutane sun yi yawa, wasu kan rataya a ƙofa, wasu su hau rufi. An yi ta hana su, don ganganci ne da ya ci rayuka.

Ganin haka gwamnatin jihar Legas ta gina nata jiragen cikin gari. Ta buɗe Shuɗin Layi a 2023, ta buɗe Jan Layi a 2024, shi kuma yana bin hanyar Reluwe daga Agbado zuwa Oyingbo. A 2023 ne aka gyara tsarin mulkin Najeriya, aka ba jihohi ikon shiga harkar jirgin ƙasa. Kafin nan ikon na gwamnatin tarayya ne ita kaɗai.

7. Abin da ya durƙusar da Reluwe

Bayan 1964 al'amura suka fara ja da baya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ɓata layin gabas. Da kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta mai da hankali ga gina manyan tituna, kamiyo suka ƙwace kaya. Farin 1973 da cutar da ta kama gujiya a 1975 suka rushe dalar gyaɗa, jirgi ya rasa babban lodinsa.

Babbar cuta kuwa ita ce rashin gyara. Tsohon layin yana da lanƙwasa da yawa, jirgi ba ya gudu a kansa. Inji ya lalace babu kayan canji. Ruwa ya ci hanya ba a cike ba. Jirgi ya dinga makara, mutane suka guje shi, kuɗi ya daina shigowa, gyara ya ƙara gagara. Daga 1979 zuwa 1982 an ɗauko wani kamfanin Indiya ya riƙe hukumar, abubuwa suka ɗan farfaɗo, da ya tafi suka sake zubewa. Jirgin Ikko zuwa Kano ya yi shekaru a tsaye, sai a watan Disamba na 2012 aka sake tashinsa bayan an gyara hanya. Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙusa guda da ba a ɗaure yau ba, gobe ita ke kayar da tarago.

8. Sabon layi

Faɗin tsohon layi, daga wannan ƙarfe zuwa wancan, milimita 1067 ne. Sabon da a ke ginawa faɗinsa milimita 1435, kamar na yawancin ƙasashen duniya. Ya fi miƙewa, jirgi ya fi gudu a kansa. An buɗe na Abuja zuwa Kaduna a 2016, kilomita 186, daga tashar Idu zuwa tashar Rigasa. An buɗe na Itakpe zuwa Warri a 2020. An buɗe na Ikko zuwa Ibadan a 2021, kilomita 157, kuma a 2023 aka fara ɗaukar kwantena a kansa daga tashar jirgin ruwa ta Apapa. Wani kamfanin ƙasar Sin ne ya gina na Kaduna da na Ibadan, yawancin kuɗin kuma bashi ne da za a biya.

Jirgi yana bukatar zaman lafiya. Ranar 28 ga Maris 2022 ƴan bindiga suka fasa hanyar Abuja zuwa Kaduna, suka kashe mutane, suka sace fasinja fiye da 60. Jirgin bai koma aiki ba sai a watan Disamba na wannan shekara.

9. Mu fa a Nijar?

Ƙasarmu ba ta da bakin teku. Duk abin da jirgin ruwa ya kawo mana, sai ya ratsa ƙasar wani kafin ya iso. Kuɗin wannan doguwar tafiya a kan farashin buhun shinkafa da na siminti ya ke sauka, mai saye ne ke biya.

A 1959 Nijar da Dahome, wadda ta zama Benin, suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgin ƙasa, wadda daga baya aka sani da OCBN. Layinta ya tashi daga Kwatano ya tsaya Paraku, kilomita 438. A da, daga can sai kamiyo su ɗauka zuwa Gaya. Tsakanin 2014 da 2016 an shimfiɗa layi daga Yamai zuwa Doso, amma bai haɗu da na Paraku ba, kuma ba a sa shi aikin jigila ba.

A watan Fabrairu na 2021 Najeriya ta fara aikin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284. An tsara ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, an ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aikin. Ga wani abin lura. Layin Maraɗi mai faɗi ne, tsohon layin Kano zuwa Ikko kuwa siriri ne, na Benin ma mita 1 ne cif. Taragon wannan ba ya hawa wancan. Muddin layi mai faɗi bai haɗa Kano da teku ba, sai an sauke kaya an sake lodi a hanya. Wannan ya nuna mana cewa maƙwabta sai sun yi shawara tare kafin kowa ya shimfiɗa nasa.

10. Hattara da hanyar jirgi

Kun tuna mun ce jirgi ba ya tsayawa nan take? In yana gudu da kaya, ko direba ya taka birki sai ya yi ɗaruruwan mita, wani lokaci kilomita guda, kafin ya tsaya. Kuma ba ya kaucewa. Saboda haka duk inda kuka tarar da layin dogo, ku kiyaye waɗannan:

Kada ku yi wasa ko ku zauna a kan hanyar jirgi.
Kada ku ƙetara sai a mararraba. Ku tsaya, ku saurara, ku dubi dama da hagu.
Mai kiwo ya nisanta dabbobinsa daga hanya.
Kada a ɗora dutse a kan dogo, kada a jefi jirgi.
Wanda ya kwance ƙusa ko ya saci ƙarfe don ya sayar, rayukan mutane ya sa a haɗari. Hanyar jirgi dukiyar kowa ce.

Kalmomi

Tarago: ɗaki ko akwati mai ƙafafu da kan jirgi ke ja.
Kan jirgi: sashen da ke da inji.
Layin dogo: hanyar ƙarfe da jirgin ƙasa ke bi.
Jigila: kai da komo da mutane ko kaya.
Kuza: wani ma'adini da a ke haƙowa a ƙasar Jos.
Yajin aiki: ma'aikata su daina aiki tare don neman hakkinsu.

Tambayoyi

1. Don me direban jirgin ƙasa ba shi da sitiyari?
2. A wace shekara layin dogo ya isa Kano? A wace shekara aka kafa hukumar Reluwe?
3. Faɗi ayyuka uku da hukumar ke yi wa jama'a.
4. Waɗanne kaya jirgi ke kaiwa kudu? Waɗanne ya ke kawowa arewa?
5. Kawo dalilai uku da suka sa Reluwe ta ja da baya.
6. Don me taragon sabon layi ba ya iya hawa tsohon layi?

Lissafi

1. Mu ce tarago ɗaya yana ɗaukar ton 40, kamiyo ɗaya kuma ton 30. Jirgi mai tarago 30, kayan kamiyo nawa ya ɗauka?
2. Milimita nawa faɗin sabon layi ya fi na tsoho?
3. Shekara nawa ke tsakanin isar jirgi Kano da fara aikin layin Maraɗi?

Aiki

Ku zana taswira a allo. Ku sa Ikko da Ibadan da Minna da Kaduna da Zariya da Kano da Nguru da Ƙauran Namoda, ku haɗa su da baƙin zane. Ku ja jan zane daga Kano zuwa Maraɗi. In kun koma gida, ku tambayi wani dattijo yadda a ke cinikin gujiya a da, da inda a ke kai ta. Gobe kowa ya ba ƴan ajinsu labarin abin da ya ji.